Amsa ga mai tambayar yadda zai haɗa tarihin kakansa tsohon soja kuma ma'aikacin reluwe

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan tsoho ya sa aljanna ce makoma. Ka ce kakanka ya yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya yi aikin reluwe a Gusau har ya yi ritaya, kuma kana son rubuta tarihinsa amma ba ka san ta ina za ka fara ba. Nima kakana na wajen uwa haka rayuwarsa take, shi dai a Ƙaura Namoda ya ƙare aiki, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Ka fara da mutane, takarda tana iya jira amma tsofaffi ba sa jira. In Hajiya kakarku na da rai to yau ɗinnan ka je ka zauna gabanta ka kunna rikodin a waya, kar ka shiga yi mata tambayoyi kamar ɗan sanda, ka bar ta ta yi ta zuba. Kuma kar ka ce mata wace shekara, ba za ta sani ba, tambaye ta lokacin zuwan Sarauniyar Ingila ne ko bayan canjin kuɗi, kai sai ka lissafa, zuwan Sarauniya 1956 ne, komawa tuƙin hannun dama 1972, naira kuma ta shigo 1973. Da haka muka gano shekarun haihuwar iyayenmu ma.

Maganar yaƙi kuwa kar ka sa rai da yawa. Namu tsohon ba ya son zancen Bama ko kaɗan, iyakacin abin da na taɓa ji daga bakinsa shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi su sha jinin mutum, da kuma yadda ake jefo musu abinci daga jirgin sama su kuma su ɗauki kaya a ka suna keta daji. Daga baya ne na karanta cewa runduna ta 81 da ta 82 na sojan Afirka ta Yamma ne suka je can wajajen 1943 zuwa 1945, kuma Hausa ce harshen bariki. Ka bincika akwatin ƙarfensa da kyau, mu a ƙasan namu muka sami takardar sallama naɗe cikin wani tsohon ƙyalle, da lambarsa ta soja a jiki, ga wata lambar yabo mai siffar tauraro mai tsini shida duk ta yi duhu. Ka ɗauki hoton komai kafin yara ko gara su taɓa, sannan ka leƙa ofishin 'yan mazan jiya da lambarsa ta soja, ko ka bari sai 15 ga Janairu da ake tunawa da su ka je ka ga waɗanda suka rage.

Amma wallahi in kana son ka san wane ne kakanka, a reluwe za ka same shi, don nan ya zuba ƙarfinsa. Ni namu in aka taɓo zancen tasha sai ka ga ya gyara zama fuska ta washe. Mai juya layi ne shi, da rana tuta ja da kore, da dare fitila, kuma har ya tsufa ƙafa ta ƙi yana iya jero maka tashoshi daga Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau har Ƙaura inda dogo ya ƙare, layin da aka gama tun 1929. Yana ba mu labarin lokacin jirgi mai cin kwal, kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi, in kaka ta yi a cika taragu da gyaɗa da auduga da fatu da shanu a yi kudu da su, leburori na ta waƙa suna lodi har tsakar dare. Ya sha cewa a soja in ka yi kuskure kai za ka mutu, a reluwe kuwa in ka juya layi ba daidai ba mutanen da ba ka taɓa gani ba za ka kashe, shi ya sa ko sallar asuba ta same shi a bakin aiki sai ya sake duba layi kafin ya kabbara. Yaran yanzu da suka tashi suka ga tasha ciyawa ta cinye ba za su gane wannan ba, abin na ci min rai gaskiya.

Saboda haka ka je tsohon kwatas ɗin reluwe bayan la'asar, ka nemi dattawan da ke zama a gindin itace, ka riƙe musu ɗan goro. Kar ka faɗi sunansa na yanka kaɗai, ka tambayi Hajiya laƙabinsa na wajen aiki don da shi suka san shi, namu Kofur kowa ke ce masa har manyan tasha. A nan za ka ji wa ya yi wa hanyar aiki, wa ya rena, wa ya biya wa bashi, abubuwan da ko 'ya'yansa ba su sani ba.

In ka shigo Ƙaura ka yi min magana, akwai wani baba da ya yi aiki a Gusau kafin a maido shi nan, har yanzu hankalinsa garau, sai in raka ka wajensa.