Araha ba ta ado: shin mai sayen kyamara ya guji mai sauƙin kuɗi?

Wata baiwar Allah daga Gusau ta rubuto cewa tana son sayen kyamara don hotunan yara da na tafiye-tafiye, kuɗinta kuma ba su da yawa. Da ta shawarci yayanta sai ya ce mata "araha ba ta ado". Tana tambaya ko karin maganar na nufin ta haƙura har sai ta tara kuɗin mai tsada.

Malama, Allah ya saka da alheri. Yayanki ya kawo magana ta gaskiya, amma ba a nan gurbinta yake ba. Ado a bakin Bahaushe shi ne abin da ake fita da shi gaban jama'a: zane, ɗankunne, rawani. Wanda ya sayi atamfa don arharta kawai, wanki ɗaya ta koɗe, to ita ce arahar da ba ta ado. Gargaɗin yana kan kayan da suka yi araha saboda aibin da ke jikinsu. Bai hana mutum sayen daidai ƙarfinsa ba, don Bahaushen nan ne ya ce daidai ruwa daidai tsaki.

Kyamara kuwa sau da yawa tsufan yayi ke karya mata farashi. Sony a6000 ta fito a 2014, Nikon D3500 da Canon 2000D kuma a 2018. Dukkansu megafiksel 24 ne (wato ma'aunin yawan ɗigon da ke haɗa hoto), wanda ya isa a wanke babban hoto a rataya a falo. Sababbi sun fito, 'yan kasuwa sun sauke kuɗin tsofaffin, amma hoton da suke ɗauka bai canja ba. In ta hannu za ki saya, a duba miki yawan hotunan da aka ɗauka da ita, a haska gilashin gaban kyamarar (wato lens) a ga ko akwai ƙarzuwa ko hazo a ciki, a gwada batirin a gabanki. Ni dai na fi son ki rage kuɗin jikin kyamarar ki ƙara a gilashi. Ɗan ƙaramin gilashin nan da ake kira 50mm f/1.8 ba shi da tsada, yana fito da fuskar yaro tas ko a ɗaki mai ƙarancin haske. Sannan ki guji sauya gilashi a fili lokacin hunturu, ƙura na shiga ta zauna a ciki.

Wani matashi daga Maraɗi kuma ya tambayi dalilin da ake cewa "wanke hoto" alhali babu ruwa a aikin. Ɗana, da can akwai ruwan. Mai hoto yakan shiga ɗaki mai duhu ya tsoma fim, wato ledar da kyamarar da ke ɗaukar hoto a kanta, cikin ruwan magani, ya ɗauraye, ya shanya. Abin da ke fitowa a fim ɗin ake kira dodon hoto, domin komai a juye yake: baƙar fuska ta koma fara, haƙora su yi baƙi, ga abin tsoro ga yaro. A 1975 injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko, daga baya fim ya ja baya. Dodon ya ɓace daga bakin yaran yau, amma "wanki" ya zauna, har wanda ya kai hoto daga wayarsa a buga masa cewa yake a wanko masa guda huɗu na fasfo.