Kumburin hanji yana hana ni barci, shin in sayi maganin barci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekara uku ke nan da aka tabbatar mini da gyambon babban hanji, irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Kwanan nan nakan tashi sau uku ko huɗu cikin dare in shiga ban ɗaki, wani lokaci har da jini, kuma ko a daren da cikin ya lafa sai idona ya bushe. An ɗora ni a kan firednisolon, maganin rage kumburi. Shin in sayi maganin barci a kemis?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki sayi maganin barci tukuna, domin abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne gudawar da ke tayar da ke cikin dare. Hanjin mai lafiya yakan rage motsi idan mutum ya yi barci, saboda haka idan bayan gida ya matsa miki har ya farkar da ke, ga kuma jini, alama ce mai ƙarfi cewa kumburin bai kwanta ba. Magungunan barci irin su Valium ba sa taɓa kumburin, suna sa jiki ya saba da su, kuma wanda ya sha su ya miƙe da magagi zuwa ban ɗaki yana iya faɗuwa.

Ki koma wurin likitanki cikin makon nan. Zai duba jininki, ya kuma nemi gwajin kalfurotektin a bayan gida, wanda ke nuna yawan kumburin da ke cikin hanji. Ya kamata a bincika ko akwai atuni ko wata ƙwayar cuta da ta shiga, domin a ƙasashenmu suna da yawa, alamominsu sun yi kama da tashin cutarki, kuma ƙara firednisolon a kansu yana da haɗari. Idan zazzaɓi ya zo, ko gudawar jini ta kai sau shida a yini, ko ciki ya kumbura, asibiti za ki je nan take. Kafin nan ki guji lofaramaid mai tsayar da gudawa, da magungunan ciwon jiki irin su aibufurofen da diklofenak, waɗanda kan tsananta cutar.

Bushewar idon kuwa, ina kyautata zaton firednisolon ne. Maganin yana kwaikwayon sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa da yawa da sassafe don mutum ya wartsake, don haka shan sa da yamma tamkar shaida wa jiki ne cewa gari ya waye. Yawanci ana shan sa gaba ɗaya da safe bayan karin kumallo. Ki tambayi likitanki a kan lokacin shan, amma kada ki daina shi kwatsam, sai an riƙa rage shi sannu a hankali.

Akwai wani dalilin da marasa lafiya ba safai suke ambata ba sai an tambaye su. Zubar jini ta tsawon lokaci tana rage sinadarin ƙarfe a jiki, ƙarancinsa kuma yana kawo wani tsukun ƙafafu da daddare, mutum ya ji kamar kiyashi na yawo a cikin ƙwaurinsa, ba ya samun sauƙi sai ya motsa ko ya tashi ya taka. Gwajin feritin yana gano shi, kuma ana magance shi.

Ina ɗaukar barcinki da muhimmanci ne saboda lamarin yana tafiya ta fuska biyu: kumburi yana ɓata barci, ƙarancin barci kuma yana ƙara sinadaran da ke hura kumburi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya gano cewa masu cutar Crohn (wata cutar kumburin hanji ta daban) da cutarsu ta lafa amma ba sa barci sosai sun ninka sauran haɗarin tashinta cikin wata shida, ko da yake ba a ga hakan a masu irin cutarki ba.

A gida, ki ci abincin dare da wuri, kamar bayan magariba, mara maiƙo da yaji, ki bar goro, kofi da shayi mai ƙarfi tun daga azahar, kuma kada barcin rana ya wuce rabin awa. Ki rubuta lokacin da kike tashi kowane dare da abin da ya tayar da ke, ki tafi da takardar wurin likita. Idan kumburin ya kwanta amma fargabar tashin dare ta ci gaba da hana ki runtsawa, ki nemi a haɗa ki da masanin halayyar ɗan Adam, domin horon gyaran barci da suke bayarwa shi ne matakin farko da likitoci ke shawarta kafin ƙwaya.