Amsa kan zuriyar Christy: masu hula ne suka koma masu tawul?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kamfanin Christy na tawul da kamfanin Christy na huluna a Ingila gida ɗaya ne, kuma amsar ita ce e, tushensu ɗaya. Miller Christy ne ya kafa sana'ar hular a Landan a 1773, ɗansa William Miller Christy ya gaje shi ya kuma haɗa da harkar banki, daga baya aikin ya yi ƙarfi a garin Stockport, inda a wancan lokacin ake cuɗa gashin zomo da ruwan zafi har ya dunƙule, sannan a kifa shi a kan katako a fitar da siffar kai.

Wanda ya fi burge ni a gidan shi ne Henry, ɗan William, wanda aka haifa a 1810. A tafiyarsa zuwa Istanbul ya ga tawul mai zare a lanƙwashe da ake saƙawa da hannu, ya kawo samfurinsa gida, ɗan'uwansa Richard ya nemi hanyar saƙa shi da inji, aka nuna shi a babban baje kolin Landan na 1851, har Sarauniya Victoria ta sa aka kai mata.

Henry bai tsaya ga kasuwanci ba. Dukiyar gidan ya zuba wajen tono a cikin kogwannin duwatsu na yankin Dordogne a Faransa tare da Édouard Lartet, wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, suna neman kayan aikin mutanen zamanin da. Ya rasu a 1865, kuma kayan tarihin da ya tara suna babban gidan tarihi na Birtaniya har yau.