Amsar Anti kan koren shayi da hasken fata

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ƙanwata amarya, na ji tambayarki. Kin ce kin ga ana tallar wani mai a Instagram, wai da koren shayi aka haɗa shi, yana sa haske cikin sati ɗaya, kuma wai shan shayin ma yana sa mutum ya yi fari. Ku yi haƙuri, zan ɗan ja maganar.

Launin fatarmu daga wani sinadari yake zuwa, melanin. Akwai ƙwayoyin halitta a can ƙasan fata da suke ƙera shi, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da wani sinadarin, tirosinas. Yawancin magungunan hasken fata shi suke tarewa. Koren shayi kuwa itacensu ɗaya da Lipton ɗin da muke sha, sai dai shi ana turara ganyen ko a gasa shi da wuri kafin ya yi baƙi, shi ya sa sinadaransa da ake kira folifenol ba sa lalacewa. Mafi yawa a cikinsu shi ne EGCG. Kuma gaskiya ne, a ɗakin gwaje-gwaje, in an zuba EGCG kan ƙwayoyin da ke yin melanin, aikin tirosinas yana raguwa, launin ya ragu. Nan masu talla suka samu abin kamawa.

To amma in kin sha fa? Ɗan kaɗan ne yake ratsa hanji ya shiga jini, hanta ta sarrafa shi, jiki ya fitar. Abin da zai kai fata bai taka kara ya karya ba. Ai ga shaida a gida ma, ataya. Ganyen da Buzaye suke dafawa a 'yar buta kan gawayi koren shayi ne daga ƙasar Sin. Daga Agadas har Damagaram, mutum yakan girma ya tsufa yana sha kullum. Wa kika taɓa ji ya sauya launi saboda ataya?

Shafawa ta ɗan fi. Koren shayin zai iya kwantar da jan fata, ya taimaka kaɗan wajen tabon ƙuraje, amma a hankali, don fata sai ta yi kusan sati 4 kafin ta sabunta kanta. Kuma in kina yawo a rana ba man kariya, tabon zai dawo.

Abin da yake tayar min da hankali, wallahi, shi ne wannan "sati ɗaya". Duk man da ya haskaka ki cikin kwana 7, akwai wani abu a ciki da ba a faɗa miki ba: haidrokwinon, ko zaiba, ko sitiroid mai ƙarfi irin su kulobetasol. An manna hoton ganye ne a kwalba don hankalinki ya kwanta. Kun dai san yadda ake ƙarewa. Fata ta yi siriri jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, in an yi wa mace tiyatar haihuwa ɗinki ya daɗe bai kama ba. Zaiba kuma ƙoda take ci. Ba banza NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba.

Sai ƙwayoyin koren shayi da ake sayarwa a roba, don Allah ki bar su. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta faɗa a 2018 cewa EGCG da ya kai miligiram 800 a rana a irin waɗannan ƙwayoyi yana iya taɓa hanta. Shayin kansa ki sha abinki, kofi ɗaya ko biyu, amma ki raba shi da lokacin cin abinci, don yana rage shigar sinadarin ayon, mai ƙara jini, cikin jiki. Ke da muke wa fatan samun rabo, ba ma so jininki ya yi ƙasa.

In kin riga kin sayi man, kada ki fara shafawa tukuna. Ki ɗauko min hoton bayan kwalbar, inda aka jera abubuwan da ke ciki, da lambar NAFDAC in akwai, in duba miki gobe in sha Allahu. Ki gaida maigidan.