Tarihin shirin Giant Bombcast da mutanen da suka riƙe shi

Tambaya: Ƙanina mai yawan buga wasannin PlayStation ya turo mini wani shirin murya na intanet mai suna Giant Bombcast. Na saurari wani tsohon kashi da kuma na kwanan nan, sai na ji muryoyin sun bambanta ƙwarai. Shin shiri ɗaya ne, su wane ne suka kafa shi, kuma data nawa zai ci mini?

Amsa: Shiri ɗaya ne, masu gabatarwa ne suka yi ta sauyawa, domin tun watan Maris na 2008 ake yin sa a Amurka, kuma galibi ranar Talata yake fitowa kowane mako.

Asalinsa ya samo ne daga wata taƙaddama da ta girgiza masu rubutu kan wasannin bidiyo. A watan Nuwamba na 2007 shafin GameSpot mai sharhi kan wasannin bidiyo ya sallami Jeff Gerstmann, wanda ya shafe sama da shekara goma yana aiki a wurin, jim kaɗan bayan ya bai wa wasan Kane & Lynch: Dead Men maki 6 cikin 10, alhali kamfanin Eidos mai wasan ya cika shafin da tallarsa. Sai a 2012 Gerstmann ya samu damar bayyana cewa matsin lambar masu talla na cikin abin da ya jawo korar. Abokin aikinsa Ryan Davis ya ajiye aiki ya bi shi, suka kafa shafin Giant Bomb mai wannan shiri, daga bisani Brad Shoemaker da Vinny Caravella suka iske su. Ina ganin wannan mafari ne ya sa masu sauraro suka yarda da hukuncinsu, domin sun ga mutum ya rasa abincinsa saboda ya faɗi abin da ya gani a wasa.

Davis ne ya fara jagorantar zaman, yana buɗe hira da tambayar abin da kowa ya buga a makon, sannan a shiga labaran masana'antar, a rufe da wasiƙun masu sauraro. Ya rasu ranar 3 ga Yuli, 2013, yana da shekara 34, kwanaki kaɗan bayan ɗaurin aurensa, kuma duk wanda ya saurari kashin da abokansa suka yi bayan rasuwar zai ji yadda muryoyinsu suke rawa. Daga baya Shoemaker ya daɗe yana riƙe da ragamar shirin.

Mallakar shafin kuwa ta yi ta sauya hannu tsakanin kamfanoni: CBS Interactive a 2012, Red Ventures a 2020, sai Fandom a 2022. A watan Mayu na 2021 Shoemaker da Caravella da Alex Navarro suka fita, daga bisani suka kafa nasu shirin mai suna Nextlander, Gerstmann kuma ya bar shafin a 2022 ya buɗe shiri da sunansa. A 2025 ma'aikatan suka sayi shafin, Jeff Bakalar da Jeff Grubb a gaba, tare da Dan Ryckert da Jan Ochoa da Mike Minotti, waɗanda su ne muryoyin da ka ji a sabon kashin. Idan tsofaffin ne suka fi kwanta maka, ka neme su a waɗancan shirye-shirye biyu.

Game da data, kashi ɗaya yakan kai awa biyu zuwa uku. Murya mai ingancin kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 58 a awa, wato awa uku za ta kusanci megabait 175, bidiyon YouTube kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ka nemi sigar murya a manhajar sauraron shirye-shirye, ka kashe saukewa ta kai-tsaye a saitinta, sannan ka sauke kashin da kake so lokacin da kake kan Wi-Fi ko cikin dare idan layinka yana da garaɓasar dare.