Bairos mai cin bakteriya: zai maye gurbin antibayotik?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da ciwon suga, gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa wata bakwai ke nan. Gwaji ya nuna ƙwayar Pseudomonas ce, kuma ta daina jin yawancin allurai. Na ji ana zancen wani bairos mai cin bakteriya. Mu ajiye allurar mu neme shi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku ajiye masa allura. Bairos ɗin nan, bakteriyofej (ko fej a taƙaice), galibi tare da antibayotik ake ba da shi, kuma a haɗin nasu ne dabarar take.

Ba sabon abu ba ne. Masanin kimiyya Félix d'Hérelle ya sa masa suna a 1917, cibiyar Eliava ta birnin Tibilisi a Jojiya kuma tun 1923 take aiki da shi. Yakan manne a jikin bakteriya, ya zuba mata ƙwayar halittarsa, ya hayayyafa a ciki har ta fashe. Sai dai ɗan tsirfa ne, kowanne da irin bakteriyar da yake ci.

Ga abin da ya fi burge ni. Pseudomonas tana da wani ɗan famfo a bangonta da take watso magani waje kafin ya yi mata illa. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun samo wani fej a ruwan tafki, OMKO1, wanda ta wannan famfon yake kama ta. Idan ta riƙe famfon, fej ya cinye ta. Idan ta lalata shi don ta tsira, magani ya samu wurin zama. Gaba kura, baya sayaki. An gwada fej ɗin tare da antibayotik mai suna ceftazidime a kan wani mai ciwo a jijiyar roba da aka dasa masa kusa da zuciya, ciwon ya lafa. Rahoton ya fito a 2018.

Amma wannan mutum ɗaya ne, kuma yawancin nasarorin da ake ji ɗai-ɗai ne haka. A yawancin ƙasashe ba a sayar da fej a kemis. Sai an shuka ƙwayar maras lafiya a ɗakin gwaji an nemo fej ɗin da ya dace da ita, wani lokaci makonni.

Yanzu ku koma da takardar gwajin, likita ya duba ragowar magungunan da ƙwayar ke ji, a kankare mataccen nama, a duba ko ciwon ya kai ƙashi, a kuma daidaita sugan Baba.