Ku Tambayi Likita: Me ya haɗa RNA da sankarar mama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibar aikin jinya ce a Gombe. Na ji an ce akwai sinadaran da ke manne wa RNA su sa sankarar mama ta tsananta. Yaya abin yake, kuma ana gwajinsa a asibitocinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Maganar gaskiya ce. RNA ce ke kwafo saƙo daga DNA ta kai inda ake haɗa furotin, kuma ana ɗora mata alamomi a hanya. An gano sama da iri 170, amma wadda ta fi yawa a jikin RNA mai kai saƙo ita ce m6A. Abin kamar rubutun allo ne, furotin-furotin ne ke yin aikin: METTL3 da METTL14 su rubuta alamar, FTO da ALKBH5 su wanke, dangin YTHDF su karanta, su sa a haɗa furotin ko a rushe saƙon.

Idan ƙari ya yi girma, tsakiyarsa kan rasa iskar oksijin. Sai furotin HIF ya motsa ya ƙara yawan ALKBH5, shi kuma ya goge m6A daga saƙon NANOG, wani furotin da ke sa ƙwayoyi su riƙa sabunta kansu. Saƙon sai ya daɗe bai rushe ba, ƙwayoyin da ke zama tushen sankara su yawaita, kuma su ne masu jure magani. Ayarin Gregg Semenza na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya nuna haka a 2016. A 2020 kuma an danganta yawan YTHDF3 da bazuwar cutar zuwa ƙwaƙwalwa.

Sai dai a bi a hankali. Yawancin binciken a kan ɓeraye da ƙwayoyin ɗakin gwaji aka yi shi, METTL3 ma wani wurin ya hura cutar, wani wurin ya danne ta. Maganin STC-15 mai toshe shi sai a 2022 aka fara gwada shi a jikin mutane. Don haka babu asibitin da ke zaɓa wa mara lafiya magani da gwajin m6A, nan ko waje.

Abin da ke hannunku, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya Gombe ko na ATBU Bauchi, shi ne tsokar da aka ciro don gwajin ER, PR da HER2, wato furotin na jikin ƙwayoyin ƙarin da ke nuna irin maganin da zai dace. A saka ta a fomalin, ruwan da ke hana tsoka lalacewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, kafin a cika awa ɗaya da cirowa, ruwan ya ninka girmanta sau goma, ta zauna awa 6 zuwa 72. In babba ce a tsattsaga ta don ruwan ya ratsa, a rubuta lokacin a jikin kwalbar. Idan aka bar ta a ruwan gishiri ta kwana, ko 'yan'uwa suka tafi da ita gida kafin a haɗa kuɗin gwaji, ER na iya fitowa babu alhali akwai, a hana baiwar Allah maganin tamoxifen, wanda ake bai wa masu ER, da zai yi mata amfani.